Hannun Alheri a Shekarar Sanƙarau

Sunana Sa'a. Ina cikin mutum ashirin da uku da Alheri Takama ta yi wa allura cikin kwana uku a bazarar 1995, ita da ba ta taɓa soka wa kowa allura ba kafin nan. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani mijina Halilu ya gaya mini, mafi yawansa kuwa daga bakinta na ji, bayan shekaru, muna zaune muna ɓarar gyaɗa.

An haifi Alheri a wajen Malbaza, a ɗaya daga cikin gidajen Kirista ƙalilan da ke yankin. Mahaifinta Takama magini ne. Lakwal, wato makarantar boko, shekara biyu kawai ta yi, amma ta iya karanta Hausa, don a majami'arsu ana koya musu. Aure ya kawo ta garinmu, wani ƙauye a kan hanyar jar ƙasa da ta nufi Tajaye. Mijinta Jibo manomi ne, ɗiya ɗaya suka haifa, Lantana. A shekarar yunwa ta 1984 Jibo ya ƙetara iyaka neman abin da za su ci. Bayan wata biyar wani ɗan garinmu ya dawo da takalmansa da labarin cewa zazzaɓi ya kashe shi. Ba ta ga gawarsa ba, ba ta san kabarinsa ba.

Doguwar mace ce mai faɗin kafaɗa. Ita kaɗai take ɗora buhun gero a ka, kuma in ana biki ita ake kira daka. Wannan ya sa ake ce mata Alheri mai ƙarfi. Mu da muke maƙwabtaka da ita mun san ɗayan gefen. Tana tsoron jini, tana tsoron gawa, tana tsoron tsawa. In za a yanka kaza a gidanta sai ta shige ɗaki har a gama. Da aka ba ta aikin shara a ɗan asibitin garinmu a 1986, mun yi ta dariya, muna cewa ba za ta yi sati ba. Ta yi shekara goma sha uku.

Aikinta shara, wanke-wanke, ɗebo ruwa, dafa sirinji a tukunya, da riƙe yara in za a yi musu allura. Takan matse yaro a ƙirjinta yadda ko motsi ba zai yi ba, sannan ta rufe idonta gam ta juya fuska ga bango. Sai an ce mata an gama take buɗewa.

Asibitin ɗaki biyu ne da ɗan sito, ma'aikacin jinya ɗaya ke riƙe da shi, muna ce masa Majo. A lokacin da nake magana Majo shi ne Seyni, Bazabarme daga wajen Dosso, wanda ya yi aikin jinya a soja kafin a turo shi nan. Mutum ne mai saurin fushi, Hausarsa a karkace, amma ba ya barin mara lafiya ya tafi cin abinci. Yana ce mata Inna.

Sanƙarau ya shigo mana da zafin bazara. Farko yaro ɗaya aka kawo daga wata ruga, sai biyu, sai aka daina ƙirgawa. Ciwon da zazzaɓi da ciwon kai yake farawa, sannan wuya ya sanƙare, mutum ya kasa sunkuyawa. Daga nan sai sambatu, baya ya banƙare, wani kafin rana ta faɗi ya tafi. Ɗakunan asibitin suka cika, mai gari ya sa aka kafa rumfunan zana a bayansa, aka shimfiɗa tabarmi a ƙasa. Kasuwa ta mutu. Aka rufe lakwal. Duk garin muka kama wata al'ada: mutum na tashi da safe, kafin ya ce wa kowa uffan, sai ya sunkuyar da kai ya ga ko haɓarsa za ta taɓa ƙirjinsa. Za ka ga mace na jan guga a rijiya, ta tsaya ta gwada, ta ci gaba. Uwaye na kama kan 'ya'yansu suna lanƙwasawa sau goma a wuni, har yaran su yi kuka.

Maganin allura ce mai kauri kamar man gyaɗa, a cikin ƙananan kwalabe. Babba kwalba shida, uku a kowane gefen ɗuwawu. Na yara Majo ya rubuta da alli a jikin ƙofar sito, shekaru a hagu, yawan kwalba a dama. Allurar na da zafi, kuma wanda ciwon ya hau kansa ba ya sanin taimakonsa ake yi. Yana duka, yana cizo. Nan aikin Alheri ya koma riƙe manya. Tun hantsi har la'asar tana durƙushe a kan wani, gumin zazzaɓinsa na jiƙa mata riga, numfashinsa na bugun fuskarta. Mata suka daina karɓar guga daga hannunta a rijiya. In ta biyo hanya sai a ja yara cikin gida. Ni ma na yi hakan, ba zan ɓoye ba.

A sati na biyar wata yarinya 'yar shekara bakwai ta mutu a hannunta. Idon Alheri na rufe, ba ta sani ba, tana ta matse ta, sai da Majo ya taɓa kafaɗarta ya ce, "Inna, sake ta. Ta tafi."

Da la'asar ranar ta nufi gidan kawunta Tanimun, ƙanen mahaifiyarta. Tsoho ne mai shekara saba'in da wani abu, mai wa'azi a 'yar majami'arsu ta mutum goma sha biyar. Yana saurayi ya yi makarantar addininsu a ƙetaren iyaka. Ta same shi a zaure yana tufkar igiya.

"Kawu, na zo in gaya maka na bar aikin. Gobe zan tafi Badagishiri wurin Lantana." Lantana a can take aure.

"To. Mi ya faru?"

Ta gaya masa zancen yarinyar. Ta ce, "Ba ni da ƙarfin wannan abu. Ana ta cewa Alheri mai ƙarfi. Wane ƙarfi? Na ɗaukar buhu? Kullum da safe tsoro ke kama ni tun ban fita gida ba. Ku kuma kullum Lahadi kuna ce mana mu yi ƙarfi. Da mi zan yi shi?"

Tsohon ya ajiye igiyar. Ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon littafin rubutu da gara ta ci gefensa. Ya ce mata shi bai iya Ibrananci ba, harshen da aka fara rubuta tsohon sashen littafinsu da shi. Kalma arba'in ko hamsin kawai wani malaminsu ya koya musu, ya rubuta su a nan da haruffan boko. Ya kai takardar kusa da hancinsa, ya bi da yatsa.

"Ga ta. Hazaƙ."

"Kamar hazaƙa?"

"Haka ni ma na ce ranar da na fara jin ta, malamin ya yi dariya, ya ce ba wannan ba ce. Ita ce ake fassara mana da kalmar ƙarfi a wurare da yawa. Amma gindinta riƙo ne." Ya ɗaga igiyar da yake tufka, ya ja ta har ta tamke. "Irin wannan. Inda aka ce an gyara tsagaggen bango, ita ce. Inda aka kama hannun makaho ana jansa, ita ce. Inda yunwa ta kama ƙasa ta ƙi saki, ita ce dai. Har inda zuciyar wani sarki ta taurare ya ƙi jin magana, da ita aka faɗa."

Alheri ta ce, "Ke nan sanƙarau ma yana da ita."

"Yana da ita. Ba ki ga yadda yake kama wuya ba?"

Ta ce mini wannan magana ba ta yi mata daɗi ba. Ta zo neman abin da zai kwantar mata da rai, aka ce mata ciwon ma da sunan nan ake kiran abin da yake yi.

"To mi amfaninta gare ni, Kawu?"

"Abu biyu na lura, ɗiyata. Wuraren da na sani inda Allah ya ce wa mutum ya yi hazaƙ, mutumin na tsaye ne gaban abin da ke ba shi tsoro. Ban ga an faɗa wa wanda hankalinsa ke kwance ba. Na biyu, akwai inda Allah da kansa ke yin ta, ya ce shi ne mai kama hannun mutum. To ni yadda na gane, ƙarfin nan ba abin da aka zuba a cikin mutum ba ne kamar gero a rumbu, a ce wani nasa ya cika wani nasa ya ƙare. Tsakanin hannu biyu yake. Wani ya riƙe, wani an riƙe shi."

"Wanda aka riƙe ba ya mutuwa?"

Tsohon ya rufe littafin. "Yana mutuwa. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"Yarinyar yau ina riƙe da ita. Jibo fa, wa ya riƙe shi?"

"Ban sani ba. Ina fata ne kawai."

Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta. "Na zo ka ce mini in tafi ko in zauna, ka ba ni karatu." Ta fita ko sallama ba ta yi masa ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya.

Da safe ta ɗaure ƙunshin kayanta ta ɗora a ka, ta biya ta asibiti don ta ba Majo makullin sito. Ta same shi zaune a kan benci a bakin ƙofa, ya jingina kai da bango, idonsa jawur. Bai juyo ba. Da idonsa kawai ya bi ta.

"Inna, zo ki lanƙwasa mini kai."

Ta sauke ƙunshin. Ta sa hannu a ƙeyarsa ta tura. Wuyan ya ƙi, kamar an sa masa itace, shi kuma ya yi wata ƙara ta cikin haƙora.

"To," in ji shi. "Na aika Oumarou mai babur zuwa Ƙonni da takarda, a turo likita. Amma motar asibiti ɗaya ce ga yankin duka, ban san ranar da za ta iso ba. Saurara da kyau, don nan da azahar ba zan san ko ke wace ce ba. Ke za ki yi mini allurar."

"Majo, ni? Ban iya ba."

"Shekara tara kina tsaye a wurin."

"Idona a rufe!"

Ya so ya yi dariya, ciwo ya hana shi. Ya kama hannunta ya kai bayansa, ya danna yatsanta a saman ɗuwawu ta waje. "Nan. Ba tsakiya ba, a tsakiya akwai jijiya, za ki gurgunta mutum. Ki soka har gindin allurar. Ki ɗan ja baya, in kin ga jini ki cire ki sake wuri. In babu, ki tura a hankali. Yi yanzu ina da hankalina."

Ta ce bari ta dafa sirinji tukuna. Ta hura wuta, ta dafa, ta sake dafawa. Ta share tsakar asibitin da ta riga ta share. Ta ba marasa lafiya ruwa ɗaya bayan ɗaya. Duk sanda ta ji ƙarar wani abu sai ta ruga bakin hanya ta duba ko mota ce. Majo ya kira ta sau uku, tana cewa ga ta nan zuwa. Kafin azahar ya zame daga bencin ya faɗi ƙasa, ya fara magana da Zabarmanci, yana kiran sunayen mutanen da ba mu sani ba.

A daidai wannan lokacin Halilu ya shigo da ni a kan amalanke. Tun daren jiya kaina ke sarawa, da gari ya waye haɓata ta ƙi taɓa ƙirjina. Abin da nake iya tunawa kaɗan ne: hasken rana na sukar idona, da ƙafafun Majo suna shure-shure a cikin ƙasa. Na tuna na yi tunanin cewa in mai maganin ne kwance haka, to mu mun gama. Sauran Halilu ya ba ni labari.

Ya ce mutane kusan talatin ne suka taru a bakin shingen asibitin, masu jinyar 'yan uwansu, ba mai matsowa. Wata mata ta fara kuka, wasu suka kama. Wani ya shiga rumfa ya saɓo ɗansa ya ce gara ya mutu a gida. Alheri na tsaye a ƙofar sito da kwalabe shida a tafin hannunta.

Halilu ya ce mata, "Inna Alheri, in kin san yadda ake yi, ki yi. Ni zan riƙe shi."

"Kai kaɗai ba za ka iya ba. Soja ne."

Ta dubi taron, kowa ya sunkuyar da kai. Sai ga tsoho Tanimun ya ratso su da sandarsa. Wani ne ya kai masa labari. Bai ce mata komai ba game da jiya. Ya ajiye sandar, ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan Majo a cinyarsa ya rungume kafaɗunsa. Halilu ya juya shi ruf da ciki ya hau kan ƙafafunsa. Majo ya banƙare, ya wurgar da Halilu gefe, ya ciji tsohon a hannu har jini ya fito. Suka sake kama shi. Halilu na ta faɗin la haula wa la ƙuwwata illa billahi, tsohon na tasa addu'ar ƙasa-ƙasa.

Alheri ta zuƙe kwalba uku a sirinji, ta durƙusa. Ta ga jinin da ke bin hannun kawunta, ganinta ya fara dishewa. Ta nemo wurin da Majo ya nuna mata, ta kai allurar, bakin allurar na yawo a kan fata ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ta ce, "Ba zan iya ba. Zan kashe shi."

Tsohon ya saki kafaɗa ɗaya, ya miƙo hannunsa mai jini ya kama wuyan hannunta. Ta ce mini, "Sa'a, hannunsa ya fi nawa rawa. Na ji shi yana karkarwa kamar ganye. Amma da suka haɗu sai allurar ta tsaya." Ta soka. Ta ja baya, ba jini. Ta tura, maganin ya ƙi tafiya saboda kauri, ta sa babban yatsa ta danna da ƙarfinta na daka. Ta yi ɗaya gefen. Da ta cire allurar ta rarrafa bayan sito ta yi amai.

Tana dawowa Halilu ya tare ta. "Saura matata."

Haka aka fara. Ni ce ta biyu. Da yamma Oumarou ya dawo ya ce motar na can wasu garuruwa ana rigakafi, an karɓi takardar, za a zo in ta dawo. Kwana uku Alheri ce asibitin. Duk wanda aka kawo sai ta lanƙwasa masa kai, ta tambayi shekarunsa, ta je ƙofar sito ta bi rubutun allin da yatsa. In uwa ba ta san shekarun ɗanta ba, sai ta tambaya ko kafin yunwa aka haife shi ko bayanta, ko ya fara famfara. Kwalaben kowane mutum in ta gama sai ta jera su daban a gindin bango, ta rubuta sunansa a ƙasa da tsinke. Halilu da tsohon ne masu riƙo, daga baya maza biyu suka shigo suka taya su. Tsoron bai sake ta ba ko sau ɗaya. Kafin kowace allura sai ta tsaya ta goge tafin hannunta a zani, leɓenta na motsi. Ba ta iya cin abinci, ruwa kawai take sha.

A rana ta biyu aka kawo Kubura, matar Sanusi maƙeri, tana goyon jariri ɗan wata huɗu. Kwana biyu tana kwance a gida ana yi mata turare. Alheri ta yi mata allura da hantsi. Ba a yi awa ɗaya ba Kubura ta fara shure-shure, kumfa ta fito mata a baki, ta cika. Sanusi ya tsaya a kanta, sannan ya juyo ya dubi Alheri a gaban mutane.

"Da ranta na kawo ta. Tana magana. Wa ya ba mai shara allura?"

Ya ce sai ya kai maganar gaban jandarma. Alheri ta koma sito ta zauna a ƙasa, ta ce ta gama, ba za ta ƙara taɓa kowa ba. Tana zaune aka kawo wasu yara biyu 'yan uwa ɗaya, uwarsu ta tsaya a ƙofar siton da su, ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa. Alheri ta tashi ta hura wuta.

Cikin ashirin da ukun nan, shida sun mutu. Ta san sunayensu duka.

Motar ta iso a rana ta huɗu da hantsi. Na farfaɗo a lokacin, ina kwance a rumfa ina kallo ta tsagar zana. Likita ya sauko, da ma'aikatan jinya biyu, sai kuma wani jandarma da bindiga a kafaɗa. Rakiya kawai ya yo, amma Alheri ba ta san haka ba. Da ta gan shi ta ɗauka kama ta ya zo yi. Ta je ta ɗauko ƙunshin kayan nan da ke ajiye a sito tun ranar farko, ta rungume shi ta tsaya tana jiran a tafi da ita.

Likitan ya duba Majo, wanda zazzaɓinsa ya sauka amma bai gane kowa ba tukuna. Ya zaga rumfuna yana ɗaga zannuwa yana duba wurin allura. Sannan ya tambaya wa ya yi. Aka nuna ta.

"Wa ya koya miki?"

"Majo ne ya nuna mini sau ɗaya, ranka ya daɗe. Ban so ba. Ba kowa ne."

Ya ce ta nuna masa a jikinta inda take sokawa. Ta nuna. Ya je gindin bango ya tsuguna gaban kwalaben, ya bi su layi-layi yana tambayar shekarun kowane mai suna, yana duban ƙofar sito. A yaro ɗaya ya ce ta rage kwalba guda, ya sa aka ƙara masa. Da ya iso layin Kubura, Alheri ta ce, "Wannan ni na kashe ta."

Ya tambayi yadda aka yi. Ya ce maganin nan ba ya kisa cikin awa ɗaya, ciwon ne ya riga ya kai ƙwaƙwalwa tun tana gida. Ya sa aka kira Sanusi ya maimaita masa a gabanta. Sanusi ya saurara, ya juya ya tafi. Bai kai ƙara ba, amma bai ƙara gaishe ta ba.

Aka ɗauki Majo a motar aka bar mana ma'aikaci ɗaya da kwali biyu na magani. Ya warke, sai dai kunnensa na hagu ya toshe har abada. Ba a maido shi garinmu ba. Bayan wata uku ya aiko mata da turmin atamfa da wasiƙa ta layi biyu, wadda malamin lakwal ya karanta mata.

Kwana takwas bayan zuwan motar, tsoho Tanimun ya tashi da ciwon kai. Alheri ta je ta lanƙwasa masa wuya da kanta, ta goya shi a baya kamar yaro ta kawo shi asibiti. Sabon ma'aikacin ya yi masa allura a kan lokaci, ita ta riƙe shi, wannan karon idonta a buɗe. Bai yi kokawa ba, ba shi da jikin yi. Ya yi kwana biyu, ya rasu da la'asar. Musulmin garin ne suka haƙa kabarin, don mazan majami'arsu uku ne kawai suka rage a tsaye, Halilu na cikin masu haƙa.

Na taɓa tambayarta ko ta yarda da abin da tsohon ya gaya mata a zaure. Tana ɓarar gyaɗa ta ce rabinsa ta gani da idonta, rabin kuma ba ta da hanyar sani. Ta ga cewa masu tsoro biyu in sun kama juna suna iya abin da ɗaya ba zai iya ba. Amma ko hannun Allah na cikin wannan riƙon, ko yana riƙe da waɗanda suka tafi, wannan sai dai ta yi fata kamar yadda shi ma ya ce. Ta ce abin da ya fi damunta, ciwon da ya kashe shi a wurin taimakonta ya ɗauka, kuma ba ta taɓa ba shi haƙuri kan fitar da ta yi ba sallama ba. Na ce mata ai washegarin ranar ya zo wurinta da ƙafarsa. Ta ce i, ya zo.

Ciwon ya lafa da saukar damina. An so a tura ta birnin Tawa ta koyi aikin ungozoma, ta ƙi. Ta koma ga tsintsiyarta da tukunyarta, ba ta ƙara soka wa kowa allura ba. Mata suka dawo suna karɓar guga daga hannunta, wasu har suna kawo mata fura, ita kuwa ba ta taɓa tada zancen ba. Duk shekara in zafi ya kama sai barci ya ƙaurace mata, ta rame, har sai an yi ruwan fari.

A 1999 gwiwoyinta suka gaza, ta bar aikin ta koma Badagishiri wurin Lantana, inda surukinta ke noman albasa a fadama. Na ziyarce ta sau ɗaya a can, ranar kasuwa. Na same ta a lambu zaune a kan kujera 'yar tsuguno tana yanke ganyen albasa, jikokinta biyu na ɗebo ruwa. Ta tambaye ni mutanen gari gida-gida, wa ya haihu, wa ya rasu, wa ya tafi cirani bai dawo ba. Can ta ce, "Ɗan Kubura fa?"

Na ce yana nan, kakarsa ta raine shi, an sa shi lakwal bana.

"Yana da lafiya? Yana ji sosai?"

Na ce lafiyarsa ƙalau, sai ƙiriniya.

Ta gyaɗa kai. Ta cika mini kwando da albasa, ta zaɓo manya guda goma ta ɗaure daban a tsumma, ta ce in kai wa kakar yaron, kada in ce daga wurin wa. Ta raka ni har bakin lambu tana ɗingishi, motar garinmu na ta yi mini oda.